Jinin da Aka Kai Yaye

Tun a Halfa, bakin iyakarmu ta Sudan da Masar, na fara jin haushin Amuna. Muna tsaye a layin masu duba fasfo, rana ta take, ƙanena Mani ya jingina da ni saboda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Ma'aikacin ya tambayi wace ce mai jinya a cikinmu. Na buɗe baki ke nan sai ta miƙa masa takardun asibiti, ta zuba masa Larabcinta na 'yan makaranta. Ya buga hatimi, ya dube ta ya ce Allah ya ba ta ladan jinya. Ni da nake riƙe da mara lafiyar ko kallo ban ishe shi ba.

Mu uku Inna ta haifa muka rayu. Ni ce babba, sunana Kulu, na ba Amuna shekara tara, sai Mani auta. Inna ta samu cikin Mani tana shayar da Amuna, shi ne aka cire ta daga nono aka kai ta yaye wurin Goggo a garin Hajj Abdalla. A wurinmu yaye wata biyu ne, yaro ya manta nono a dawo da shi. To Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, Baba kuma ba ya iya kallon idon yayarsa ya ce ba ni 'yata. Wata biyu ya zama shekara, shekara ta zama shekaru. Amuna ta tashi cikin gonakin auduga, aka sa ta makaranta, ta zama malama, Hausa ta zube mata sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mu kuwa muna Mai Wurno. Inna ta rasu Mani yana shekara huɗu. Ni na goye shi, ni na cire masa ƙaya, ni na tsaya har ya yi aure ya samu gonar ayabarsa a bakin kogi. Amuna takan zo biki ko ta'aziyya, ta wuni, ta bi motar yamma.

Da ciwo ya kayar da Mani, a Madani aka ce sankarar jini ce. Aka yi masa maganin nan mai zubar da gashi a Hartum har ciwon ya kwanta, amma likita ya ce zai sake tashi in ba a dasa masa ɓargon wani ba, kuma sai a Masar. 'Yan ubanmu suka cika mota suka zo ba da jini, likita ya ce a fara da shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na fara miƙa hannu, ban ma jira an kira ni ba. Amuna sai da aka yi mata waya sau biyu kafin ta samu izini a makaranta. Da sakamako ya fito, nawa bai dace ba. Nata ya dace ɗari bisa ɗari.

Na yi alhamdu lillahi da baki kamar kowa. A zuciya kuwa wani abu ya tokare ni, kuma da shi na ƙetare iyaka.

A jirgin ƙasa daga Aswan wani dattijo mai rawani ya tashi ya bar wa Mani wurin taga, ya ɓalla mana burodi da cuku, bai tambaye mu ko daga ina muke ba. Allah ya saka masa. Amma abin da na fi tunawa a jirgin nan shi ne barci ya kwashe Mani, kansa ya karkata ya sauka a kafaɗar Amuna. Ina ɗaya gefen, kafaɗata ta fi tata faɗi. Na san jirgi ne ya karkata, ba shi ya zaɓa ba. Duk da haka sai da na tashe shi na ce ya sha ruwa.

A Alƙahira wani dillalin gidaje ya ci mu da ido biyu. Tun muna gida ya turo wa Amuna hoton ɗaki a ƙasa, da ƙofa a bakin titi, don mun ce da mara lafiya muke. Da muka iso da kayanmu sai ya ce wancan an kama jiya, amma ga wanda ya fi shi iska, a hawa na biyar. Ya rantse akwai na'urar hawa, gobe-goben nan za a gyara ta. Wata huɗu muka yi a gidan, na'urar nan ba ta motsa ba, shi ma dillalin wayarsa ba ta sake shiga ba. Na ce wa Amuna ashe karatun bai hana a cuci mutum ba. Ba ta tanka ba, kuma rashin tankawar ya fi ƙona ni.

Matar mai gadin gidan ce ta ga yadda Mani ke hawa yana haki kamar zai faɗi. Washegari muka tarar ta ajiye wata tsohuwar kujerar roba a hawa na uku, ta ɗaure ta da igiya a jikin ƙarfe don kada a ɗauke. Ba ta taɓa yi mana maganar kujerar ba.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, Daktora kawai muke ce mata. Larabcin Masar yana mini gudu, sai in kama kai in rasa jela, don haka Amuna ke maimaita mini da namu na Sudan. Daktora ta tambayi Mani sana'arsa, ya ce noma. Ta yi murmushi ta ce to aiki ya yi sauƙi, ta yi jinyar mutanenmu da yawa, har ta san kalmar tagawi, wato irin shuka. Ta ce a cikin ɓargon kowa akwai tagawin jini, daga shi kowane jini ke tsirowa, har da farin jinin da ke gadin jiki, wanda ake kira garkuwa. Tagawin Mani ya gauraye da mugun iri. Za su share gonar tas da magani mai ƙarfi, sannan su shuka na Amuna.

Ita kuma Amuna za a yi mata allura kwana biyar. Allurar tana zuga ɓargo ya yi ta haifar farin jini, har tagawin ya cika ya malalo cikin jijiya, a tace shi da na'ura.

Nan na tsoma baki. Na ce in akwai allurar da ke ƙara garkuwa, me ya sa ba za a yi wa mara lafiyar ba, sai lafiyayya?

Daktora ta juya wurin Mani ta ce, "Gonar da ƙuduji ya cinye, in ka zuba mata taki, wa ka ciyar?"

Mani ya yi dariya, karo na farko tun Halfa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, wagga ta san noma."

Ni ban yi dariya ba. Abin da na ji kawai shi ne: ba abin da Kulu za ta iya bayarwa.

Aka kwantar da Mani a ɗakin da ba a shiga sai an wanke hannu har gwiwa, an sa riga da takunkumi. Mutum ɗaya aka yarda ya zauna da shi, kuma ni ce, tunda Amuna tana da nata aikin. Na ji daɗin haka fiye da yadda ya kamata. Amma me nake yi? In miƙa masa kwano in ya ji amai, in gyara filo. 'Yan gida in sun kira, gaisuwa biyu za su yi mini su ce ina Amuna, yaya jikinta, ta ci abinci? Matar Mani ma, wadda ni na je neman aurenta, ta ce in gaya wa Amuna in ta haihu mace sunanta za a sa.

Akwai wata kwalba da na taho da ita daga gida. Zuma ce ta daji, ɗanya, da aka kwaɓa da habbatus sauda. Maƙwabciyata ta ba ni, ta ce ba abin da ya kai ta ƙarfafa garkuwar jiki. An karanta mana dokar ɗakin tun ranar farko, cewa ba a shigo da abin ci daga waje, kuma na ji. Sai dai na ce a raina doka ce ta masu kawo tarkace, ba ta mai kawo zuma ba. Na naɗe kwalbar cikin dardumar salla na shige da ita.

Mani ya ga cokali ya ce, "Yaya, an hana hwa."

Na ce, "Wa ya goye ka, su ko ni? Buɗe baki."

Ya buɗe, kamar yadda ya saba buɗewa tun yana ɗan mitsitsi. Kwana uku ina ba shi cokali ɗaya kowace safiya, ina jin ni ma yanzu ina da hannu a cikin maganin.

A rana ta uku bayan azahar ya fara rawar sanyi har gadon na kaɗawa. Ma'aikatan jinya suka cika ɗakin, ɗaya ta ja jakata don ta samu hanya, darduma ta warware, kwalba ta gangaro tsakiyar ɗaki.

Daktora ta kira ni ofishinta. Amuna tana nan, ta zo karɓar allurarta ta uku. Daktora ba ta ɗaga murya ba, amma ta daɗe tana magana, fuskarta ta yi ja. Na tsinci wasu kalmomin. Na ji ta ce da gangan suke rushe garkuwarsa don kada ta kori baƙon irin da za a shuka. Na ji ta ce ɗanyar zuma tana ɗauke da abin da lafiyayye ba zai ji ba, amma wanda ba shi da mai gadi ko ɗaya zai iya kashe shi. Na ji kalmar jahilci sau biyu. Da ta gama sai ta ce wa Amuna ta fassara.

Amuna ta dubi ƙasa ta ce, "Ta ce kin yi kuskure, amma ta san ƙauna ce."

Ƙarya take yi, kuma na sani. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tambaya da kaina, da Larabcina na kasuwa, ko zumar ce ta kawo zazzaɓin. Daktora ta ce ba ta sani ba, wataƙila ita ce, wataƙila ba ita ba, masu irin wannan jinya sukan yi zazzaɓi ko ba zuma. Abin da ta sani shi ne an riga an share gonar, ba a komawa baya, kuma har sai irin Amuna ya tsiro ba abin da ke tsakanin Mani da mutuwa sai maganin da suke ɗura masa. Ta ce ba zan sake shiga ɗakin ba sai ta ce. In ina son yi masa amfani, in koma gida in kula da mai bayarwa.

Garin neman gira na kusa rasa ido. Kuma hukuncina shi ne in yi jinyar Amuna.

Tun allura ta biyu take cewa bayanta da ƙugunta na ciwo, ni kuwa na ɗauka iyayi ne na 'yan boko. Rana ta huɗu muka dawo daga asibiti da la'asar, an ce mana zazzaɓin Mani bai sauka ba. Na wuce gaba ina hawa. Sai da na kai hawa na biyu na lura ba na jin takunta. Na leƙo. Tana zaune a matakala ta farko, ta rungume ƙarfe, gumi ya jiƙa mata tob, lulluɓin nan namu na matan Sudan, ta cije leɓe har ya fashe. Ba ta kira ni ba, kuma na tabbata da za ta kwana a wurin ba za ta kira ni ba.

Na sauko. Na durƙusa a gabanta na ba ta baya na ce, "Hau."

Ta ce da Larabci wai zai wuce, in ba ta minti biyar.

Na ce, "Ke, ni ba Daktora ba ce. Hau, in ji."

Ta hau. Na warware tob ɗina na ɗaure ta kamar jaririya. Mace mai shekara talatin da takwas ba tulun ruwa ba ce, amma bayana ya sha ɗaukar itace da buhun dawa, kuma ba ta da jiki. Da kyar muka kai kujerar hawa na uku. Na sauke ta a kai, ni na zube a ƙasa ina haki.

Can sai ta yi magana da Hausa, tana lalubo kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Yaya. Goggo ta hwaɗa mini. Ranar yaye, ke kin goye ni har mota."

Ba ta taɓa ce mini Yaya ba. Na ce haka ne, ni ce.

Ta koma Larabci. "Tun ina yarinya nake son in tambaye ki abu ɗaya. Da kika sauke ni, kin waiwayo?"

Na so in yi mata ƙarya irin wadda ta yi mini a ofis, amma ba ni da wannan baiwar. Na tuna ranar sarai. Shekarata goma sha ɗaya, bayana ya gaji da ita, na miƙa ta ta taga na sheƙa gida da gudu ina murna zan yi wasa.

Na ce, "Ban waiwayo ba. An ce mini wata biyu za ki yi."

Ta yi dariya, dariyar ta taɓa mata baya ta yamutsa fuska. Ta ce, "Kin ga ikon Allah? Mani ne ya kore ni daga nonon Inna tun bai fito duniya ba, ga shi yau jinina yake nema." Sannan ta ce, "Kina jin haushina, ina gani. Ni kuma in na zo Mai Wurno na ga kina shiga ɗakin Inna ba sallama, sai in ji kamar in fasa ihu. Kin san muryarta. Ni ko a mafarki da Larabci take yi mini magana, kuma na san ba haka take ba. Shi ya sa nake bin motar yamma."

Na tashi na sake durƙusawa a gabanta. Na juya mata baya na ce saura hawa biyu.

Washegari aka kwantar da ita kusa da na'ura, allura a hannun dama, allura a na hagu, jini na fita ta nan ya zaga ya dawo ta can. Awa biyar ba ta motsa hannu ba. Ni nake ba ta ruwa, ni nake sosa mata hanci in ya yi ƙaiƙayi. Abin da aka tara bai fi cikin kofin shayi biyu ba, a 'yar jakar roba, launinsa kamar zoɓo da aka zuba wa madara. Na dube shi na ce, duk wannan tafiya don wannan? Ta gilashi muka ga an rataya jakar ana ɗura wa Mani. Ya ɗago hannu da kyar, ban san ko wa yake ɗaga wa ba, kuma ko a lokacin sai da na so in sani.

Bayan kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Na yi sujada a barandar asibiti, masu wucewa na ratse ni. Sai jiran tsiro. Kullum da safe Amuna ta karanta takardar gwajin jini ta ce mini babu tukuna. Na yi kewar gida a kwanakin nan har wainarmu ta dawa, kisrar da ba ta yi tsami ba, nake mafarki. A rana ta goma sha shida ta fito tana ɗaga takarda tun daga nesa, ba sai ta fassara ba.

Daktora ta yafe mini, ta bar ni na koma ɗakin, bayan ta sa an zazzage dardumata. Bakin Mani duk gyambo, ba ya iya cin abincinsu. Na nemi izini, a gaban shaidu wannan karon, aka yarda in dama masa kunun gyaɗa in dai ya tafasa sosai kuma ya sha da ɗuminsa. Ya sha cokali shida. Na ƙirga.

Kafin a sallame mu aka yi wani gwaji na ganin jinin wa ke yawo a jikinsa. Daktora ta ce duka na Amuna ne, ko ɗigon nasa na da ba a gani ba. Ta ce garkuwar Amuna ce ke gadinsa yanzu, in mugun irin ya ɓoye a wani lungu ya nemi tsirowa, ita ake fatan ta tumɓuke shi. Ba ta yi mana alkawari ba, ta ce sai an yi ta dubawa, kuma zai daɗe yana shan maganin da zai hana sabuwar garkuwar ta far wa jikinsa.

Mani ya ce, "Ke nan jinin mace gare ni yanzu? Don Allah kar ku hwaɗa ma mutanen bakin kogi."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Amma ba zan ɓoye ba, abin nan ya sake tokare ni. Goyona ya ƙare tun yana shekara biyar. Nata kuwa ba ranar saukewa.

A dawowa, daga Madani muka shiga motar Sinnar. Mani na gaba da takunkumi, ni da Amuna a baya. Hanyar ta ratsa gonaki, ga magudanan ruwa, ga mata na tsinkar auduga. Motar ta rage gudu, kwandasta ya buga ƙofa ya ce Hajj Abdalla, akwai mai sauka? Amuna ta jawo jakarta daga ƙarƙashin kujera, ta leƙa ta dafa kafaɗar Mani, ta juyo ta ce mini sai ta zo dubiya.

Na kama bakin tob ɗinta.

Na ce wa kwandasta, "Babu mai sauka."

Ta ce, "Yaya, makaranta..."

Na ce, "Makaranta ta yi wata huɗu ba ke, ba ta rushe ba. Yaye anka kai ki, ba kyauta anka yi da ke ba. Ni na kai ki mota, ni ka maishe ki gida."

Ta tsaya rabi a tsaye, jaka a hannu, mutanen motar duk sun zuba mana ido. Ta ce da ƙaramar murya, da Hausa, "Ina zan kwana?"

Na ce, "Ɗakin Inna. Kuma ba a sallama."

Ta zauna. Kwandasta ya buga jikin mota muka tashi. Ta yi ta waiwayen garin ta taga har ya ɓace, ni kuma ina riƙe da tob ɗin. Ko a Sinnar da muka canja mota ban sake shi ba.